Ɗanyen Nama Ko Abincin Buhu: Matsalar Ciyar Da Dabbar Feret



Na tabbata da yawa daga cikinku da suka ga sanarwar wannan lacca sun juya sun tambayi na kusa da su, shin mene ne kuma feret? Ba laifinku ba ne. Dabba ce ta ƙasashen sanyi, ba ta da suna a Hausa, ba ta kuwa jure zafi, domin da zarar zafin gari ya haura digiri 30 sai ta soma galabaita. Duk da haka da gangan na zaɓe ta. A Turai da Amurka an daɗe ana muhawara tsakanin masu kiwonta da likitocin dabbobi a kan tambaya guda, watau ko ya kamata a raba ta da busasshen abincin da ake sayarwa cikin buhu, a mai da ita ga ɗanyen nama irin wanda kakanninta suke ci a daji. Masu goyon bayan haka suna ce da shi abinci na ɗabi'a. Makasudin wannan lacca shi ne mu auna wannan kalma, mu ga abin da ke cikinta na gaskiya, da nauyin da take ɗora wa wanda ya yi aiki da ita.

Wane ne feret?

Feret ɗan ƙaramin maci-nama ne mai dogon jiki da gajerun ƙafafu. Namiji yakan kai kilo 1 zuwa 2, tamata kuwa ba ta cika wuce kilo 1 ba. Yakan rayu shekara 6 zuwa 10, yakan kuma kwashe sa'a 14 zuwa 18 yana barci a kowace rana. Idan kuna son ku kwatanta shi da abin da kuka sani, ku tuna da bodari da dage, domin dukkansu dangi ɗaya ne a wurin masana dabbobi. Kamar bodari, shi ma yana da jakar wari a gindin wutsiya. Asalinsa wani namun daji ne na Turai mai duhun gashi, mai farautar dare, wanda mutane suka horar fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Aiki ne ya kawo shi gidan mutum. Sitirabo, masanin labarin ƙasa na Girka wanda ya rayu a zamanin Sarki Agustus na Rum, ya ba da labarin yadda mutanen ƙasar Sifen suke sa wa wata dabba irin wannan takunkumi su tura ta cikin ramin zomaye, ta koro su waje inda mafarauta ke jira. A Ingila har doka aka kafa a 1390 wadda ta hana wanda ƙasarsa ba ta ba shi sule 40 a shekara ajiye feret, don kada talakawa su cinye zomayen masu ƙasa. A shekarun 1880 an kwashi dabbobin da yawa zuwa Niyu Zilan domin su rage zomaye, sai suka juya kan tsuntsayen ƙasar waɗanda ba su iya tashi, aka yi garin neman gira aka rasa ido. Tun daga shekarun 1970 da 1980 ne Amurkawa suka mai da shi ɗan ɗaki kamar kyanwa, ko da yake jihohin Kalifoniya da Hawayi sun hana ajiye shi.

A duk tsawon zamanin da yake mafarauci, abincinsa daga farautar yake fitowa: kan zomo, kayan ciki, ɓeraye, tsuntsaye, wani lokaci a haɗa masa da burodi da madara, wanda kuwa yakan sa shi zawo. Ranar da ya bar bukkar bayan gida ya hau kujerar falo, ranar ce abincinsa ya koma cikin buhu.

Abin da halittarsa ke faɗi

Kafin mu saurari ɓangarorin biyu, bari mu tambayi jikin dabbar. Babban feret yana da haƙora 34. Fiƙoƙinsa na kamu ne, turamensa kuwa kamar almakashi suke, suna yanka, ba su niƙa. Hanjinsa gajere ne ƙwarai. Zomo da doki suna da wani babban aljihu a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda ƙananan halittu ke ruɓar da ciyawa su mai da ita abinci. Feret ba shi da wannan aljihu sam. Abin da ya haɗiya yakan fita cikin sa'a 3 zuwa 4.

Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, tun da abinci ba ya daɗewa a cikinsa, dole ya zama mai saurin narkewa mai ƙarfi, watau furotin da kitse na dabba. Hatsi da ganye da 'ya'yan itace wucewa kawai suke yi, wani lokaci ma su toshe hanji. Na biyu, ba ya jure yunwa. Dabbar da cikinta ke wofincewa cikin sa'a huɗu tana bukatar ci a kai a kai. Ina roƙonku ku riƙe wannan batu na biyu, za mu komo kansa.

Kakansa na daji yana cin ɓeraye da zomaye da kwaɗi da tsuntsaye da ƙwai. Idan aka busar da ɓera aka auna, fiye da rabinsa furotin ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kitse ne, sitaci kuwa bai taka kara ya karya ba. Wannan shi ne ma'aunin da masu ɗanyen nama ke kafa hujja da shi, kuma a nan lalle suna da gaskiya.

Yadda buhu ya shigo

Abincin dabbobi na kanti ya samo asali ne a Landan wajen 1860, lokacin da James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka. A shekarun 1950 kamfanin Purina na Amurka ya fito da dabarar da ake amfani da ita har yau. Ana kwaɓa garin nama da garin hatsi, a tura cikin inji mai zafi da matsi, ya fito ta ƙananan huda ya kumbura, a yayyanka a busar. To, ga inda gizo ke saƙa: idan babu sitaci ƙwayar ba ta haɗuwa, ba ta kumbura. Saboda haka ko abincin da aka rubuta wa sunan feret a jikin buhu, sau da yawa sitacin da ke ciki yakan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye. Injin ne ke bukatar sitacin, dabbar ba ta bukatarsa.

Kada mu yi wa buhu rashin adalci. Ba ya ruɓewa, ana iya barinsa a kwano yini guda dabba ta ci lokacin da take so, kuma kamfani mai kirki yana auna kowane sinadari kafin ya rufe bakin buhu. Likitoci sukan ba da shawarar a nemi wanda furotin ɗinsa ya kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100, kitse kashi 15 zuwa 20 ko fiye, kuma nama ne kan gaba a jerin abin da aka haɗa. Dabbobi masu yawa sun rayu a kansa har tsufa.

Me ya sa mutane suka juya masa baya? Dalili na farko wata cuta ce da ta yawaita a Amurka ga feret da ya haura shekara 3 ko 4. Ƙari ne ke fitowa a fankiriyas, wata 'yar gaɓa kusa da tumbi wadda ke samar da insulin. Ƙarin yakan zubo insulin fiye da kima, sukarin jini ya faɗi, sai a ga dabba ta yi zuru da ido, yawu na dalala, ƙafafun baya suna ja, a ƙarshe ta shiga farfaɗiya. Likitoci sun lura cutar ba ta kai haka yawa ba a ƙasashen da aka fi ciyar da dabbar da gawar zomo da 'yan tsaki, sai wasu suka ɗora laifin a kan sitaci. Wannan zato ne mai ƙarfi, amma har yau zato ne, domin dabbobin Amurka sun bambanta da na Turai ta wajen iri da kuma yawan fiɗiya tun suna ƙanana. Ina jan hankalin ɗalibai a nan: abubuwa biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Dalili na biyu shi ne zubewar amana. A 1993 wani likitan dabbobi na Ostareliya, Ian Billinghurst, ya wallafa littafin da ya yi kira a koma ba karnuka ɗanyen nama da ƙashi, kiran ya bazu har ga masu kyanwa da feret. Sa'an nan a 2007 aka janye abincin karnuka da kyanwoyi mai ɗimbin yawa daga kantunan Amurka da Kanada, bayan an gano an gurɓata garin da aka haɗa shi da wani sinadari mai suna melamin, wanda ya lalata ƙodar dabbobi masu yawa. Daga nan mutane da dama suka ce gara su san abin da ke cikin kwano da idonsu.

Tsoka ba gawa ba ce

Yanzu mun iso zuciyar maganar. Kuskuren da ya fi kowane kuskure halaka dabbobi shi ne mutum ya ji an ce ɗanyen nama, ya tafi wurin mahauci ya sayo tsoka zalla, yana ganin ya koma ga ɗabi'a. Namun daji ba ya cin tsoka zalla. Yana cin gawa sukutum: ƙashi, hanta, zuciya, ƙoda, ƙwaƙwalwa, fata, gashi. Kowane sashe da abin da yake ɗauke da shi, kuma tarihi ya nuna mana farashin barin kowannensu. Zan kawo misali huɗu.

Na farko, ƙashi. A shekarun 1880 'ya'yan zakuna a gidan namun daji na Landan suna ta mutuwa, ƙasusuwansu suna laushi suna lanƙwashewa. Naman doki marar ƙashi ake ba su. A 1889 likita John Bland-Sutton ya ba da shawarar a ƙara musu dakakken ƙashi da madara da man hantar kifi, sai suka miƙe. Dalili kuwa shi ne jiki yana son kalsiyam ya yi daidai da fosfaras ko ya ɗan ɗara shi, alhali a tsoka fosfaras ya ninka kalsiyam sau goma ko fiye. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci a jini, jiki yakan shiga ɗebo shi daga ƙashin kansa, kamar mai rushe katangar gidansa don ya yaɓe ɗaki. Ɗan feret da aka raina a kan tsoka zalla yakan ƙi tafiya, ƙafafunsa su baje, ƙashinsa ya karye ba tare da an taɓa shi ba.

Na biyu, zuciya. Akwai wani sinadari da ake kira torin, wanda ya fi yawa a zuciya da jan nama. A 1987 Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ƙarancinsa a abincin kanti ne ke sa zuciyar kyanwoyi ta buɗe ta saki, aka ƙara shi a abinci, cutar ta ja baya ƙwarai. To, kada masu ɗanyen nama su yi dariya. Daga baya a wannan jami'a aka yi gwajin ciyar da kyanwoyi da niƙaƙƙen ɗanyen zomo, zomo kawai. Gashinsu ya yi sheƙi, kowa ya gan su ya ce madalla. Bayan wasu watanni ɗaya ta faɗi matacciya, da aka duba sai ga ƙarancin torin ne, aka kuma sami alamar ciwon a zuciyar yawancin sauran. A kyanwa aka yi wannan bincike, amma saboda kusancin bukatunsu ana ɗaukar darasin ga feret: kada a dogara ga nama iri ɗaya, kada kuma a bar zuciya.

Na uku, kifi da ƙwai. A 1932 a wata gonar kiwon yanyawa don gashinsu a jihar Minesota, dabbobi suka kama shanyewa suna mutuwa. Bincike ya nuna ɗanyen kifin da ake ba su yana ɗauke da wani abu mai rusa bitamin B1. Haka nan yawan kifi mai mai, idan babu isasshen bitamin E, yana sa kitsen jikin feret ya kumbura ya zama rawaya mai ciwo. Ɗanyen farin ƙwai kuwa, idan aka yawaita shi ba tare da kwaiduwa ba, yana ɗaure wani bitamin, gashi ya zube.

Na huɗu, hanta. Ita ce rumbun bitamin A, rashinta illa ne. Amma wannan bitamin taruwa yake yi a jiki, kuma an sha ganin kyanwoyin da aka sabar wa hanta kullum ƙashin wuyansu ya sandare har ba su iya lasar jikinsu. Kaɗan magani, da yawa guba.

Saboda waɗannan darussa ne masu ciyar da ɗanye suka kasu gida biyu. Wasu suna ba da gawa sukutum, watau ɓerayen da aka yi kiwo musamman, da 'yan tsaki, da salwa, da zomo, waɗanda aka kashe aka daskare. Ba a ba da su da rai, domin zalunci ne ga abin farautar, ɓera kuwa yana iya cizon dabbar. Wasu kuma suna harhaɗa gawar da kansu daga sassa dabam-dabam. Lissafin da suka fi bi shi ne kashi 80 cikin 100 tsoka da kitse har da zuciya, kashi 10 ƙashin da ake iya taunewa kamar fiffike da wuyan kaza, kashi 5 hanta, kashi 5 sauran kayan ciki kamar ƙoda, kuma a jujjuya aƙalla nama iri uku a mako. Wannan lissafi kwaikwayon gawa ne da gogewar masu kiwo ta haifar, saboda haka mai hankali yakan kai shi ga likitan dabbobi ya duba masa. Abu guda da kowa ya yarda da shi shi ne ba a ba da dafaffen ƙashi, domin yakan tsage ya zama tsinke ya huda hanji.

Yadda ake sauyawa

A ce mutum ya fahimci duk wannan, ya tanadi kayansa, ya ajiye cinyar kaza a gaban feret ɗinsa. Me zai faru? Sau da yawa dabbar za ta sansana, ta juya ta yi tafiyarta. Raimund Apfelbach, masanin dabbobi na Jami'ar Tubingen a Jamus, ya nuna cewa feret yana koyon ƙamshin abincinsa ne tsakanin wata na 2 da na 3 da haihuwa, abin da bai sansana ba a wannan lokaci kuwa da wuya ya ɗauke shi abinci daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan wata uku yakan karɓi nama cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗan shekara huɗu da ya tashi a kan buhu yana iya ɗaukar makonni, wani ma watanni.

A nan ne na ce za mu komo ga maganar yunwa. Akwai masu cewa a janye buhu a bar shi, in yunwa ta ci shi zai ci. Wannan shawara tana kisa. Feret yana iya zama da yunwa kusa da naman da bai san abinci ba ne, kitse ya taru masa a hanta, idan kuwa yana da ƙarin fankiriyas da ba a gano ba, sa'o'i kaɗan sun isa sukarinsa ya faɗi. Don haka matakin farko a asibiti yake: a duba haƙoransa, a auna nauyinsa, idan ya haura shekara 3 a auna sukarin jininsa.

Mataki na biyu shi ne abin da masu kiwo ke kira miya. Ana niƙa ɗanyar cinyar kaza da 'yar zuciya da 'yar hanta, a sa garin ɓawon ƙwai ko garin ƙashi saboda kalsiyam, a dama da ruwan ɗumi ya yi kamar kunu. Sai a lakato da yatsa a shafa masa a leɓe ko a dasashi. Zai yi tsaki, ya girgiza kai, amma dole ya lashe. A maimaita sau da yawa a yini, buhunsa kuwa yana nan ba a janye ba. Daga yatsa a koma cokali, daga cokali a koma faranti.

Mataki na uku, idan ya soma shan miyar da kansa, sai a rage ruwa ta yi kauri, a riƙa jefa siraran yanka na nama a ciki, a riƙa ƙara girmansu. Muƙamuƙin da ya saba da ƙwayoyin buhu ba shi da ƙarfin yanka jijiya, sai ya yi ta motsa jiki. Ƙundun kaza yana taimakawa a nan. Daga ƙarshe a kawo ƙashi, a fara da bakin fiffike da aka ɗan farfasa, sa'an nan wuya. Sai dabba ta tabbata tana cin isasshe kafin a janye buhu. Masu kiwo sukan lissafa kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinta a yini, a raba biyu ko fiye, kuma cin yana ƙaruwa da sanyi ya ragu da bazara.

A duk tsawon wannan lokaci, shaidu biyu ne ba su ƙarya: sikeli da bayan gida. A auna dabbar kowane mako a rubuta. Bayan gida fari mai tauri alamar ƙashi ya yi yawa, baƙi mai ruwa bayan an ci hanta ba abin tsoro ba ne, amma zawo mai daɗewa, ko amai, ko rama, ko kasala, duk suna nufin a tsaya a nemi likita. Sannu ba ta hana zuwa.

Haɗarin da ke kan mutanen gida

Ma'aikatan lafiya da na gona da ke cikin zauren nan, wannan sashe naku ne. Ɗanyen nama yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma firiza ba ta kashe su, kwantar da su kawai take yi. Tsakanin 2010 da 2012 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobi da ake sayarwa, ta sami salmonela a 15, listeriya mai haɗari a 32. A 2012 Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan ba karnuka da kyanwoyi ɗanyen nama. Dabba tana iya cin ƙwayar cutar ta zauna garau, amma ta riƙa zubar da ita a bayan gida, ta kai wa jariri mai rarrafe, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. A 2018 da 2019 masu bincike na Jami'ar Edinbara sun bi sawun tarin fuka irin na shanu a jikin kyanwoyin da ba su taɓa fita waje ba, sawun ya kai su ga ɗanyen naman barewar daji da aka sayar a matsayin abincinsu.

Feret yana da wata ɗabi'a da ke ƙara haɗarin. Sunansa ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin ɗan ɓarawo, domin duk abin da ya samu sai ya ja ya ɓoye. Ƙwayar buhu a ƙarƙashin gado ba ta da illa. Fiffiken kaza na kwana uku a bayan kujera kuwa wata magana ce dabam.

Sa'an nan ga mura. A 1933 a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw suka fara ware ƙwayar cutar murar ɗan Adam, kuma a jikin feret suka yi nasara. A 1936 wani feret mai mura ya yi wa likita Charles Stuart-Harris atishawa a fuska ya sa masa cutar. Hanyar numfashinsa tana karɓar mura kusan yadda tamu take karɓa, shi ya sa har yau da shi ake gwada haɗarin sababbin nau'o'inta. Murar tsuntsaye ta H5N1 ba baƙuwarmu ba ce, domin a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Afirka cikin Fabrairun 2006. A 2023 ta kashe kyanwoyi da dama a Folan, aka kuma same ta a jikin feret na wani gida, inda aka kyautata zaton ɗanyen naman kaji ne ya kawo ta. A Disamban 2024 wata kyanwa ta mutu a jihar Oregon ta Amurka bayan ta ci daskararren ɗanyen naman talotalo na kanti mai ɗauke da cutar. Ku duba fa: dabbar da masana suka zaɓa saboda murarta ta yi kama da tamu, ita ce ake ba ɗanyar kaza a ɗakin da yara ke kwana.

Wanda ya ga zai iya, to ga sharuɗɗan. Ya sayi nama mai tsabta irin wanda shi kansa zai ci, daga inda aka duba lafiyarsa. Ya narkar da shi cikin firji. Ya ware wuƙa da katako da kwano, ya wanke su da ruwan zafi da sabulu, ya wanke hannunsa. Ya ciyar da dabbar a keɓaɓɓen wuri, ya kwashe saura bayan 'yan sa'o'i, ya binciki maɓoyarta kullum. Idan murar tsuntsaye ta ɓulla a yankinsa, ya dakatar da ɗanyen naman kaji. Idan kuwa akwai jariri ko mai juna biyu ko majinyaci a gidan, shawarata ita ce ya haƙura, ya nemi buhu mai ƙarancin sitaci, ko ya dafa naman sosai ba ƙashi, ya cike gurbin da garin ƙashi da sauran sinadarai bisa umurnin likita.

Kammalawa

Jama'a, ga abin da muka tarar. Masu ɗanyen nama sun yi gaskiya da suka ce an halicci feret don cin gawa, sitacin buhu kuwa bukatar inji ce. Likitoci ma sun yi gaskiya da suka ce kwanon da aka haɗa da ka yana karya ƙashi ya raunana zuciya, ɗanyen nama kuma ƙofa ce da cuta ke bi ta shigo gida. Wanda ya ajiye buhu ya ɗauki wuƙa, ya sani ya karɓi aikin mutum uku ne a lokaci ɗaya: mai auna sinadarai a kamfani, da malamin duba nama a kwata, da likita mai sa ido. Idan zai iya riƙe ukun kowace rana har tsawon shekara takwas ko goma, dabbarsa za ta ci abin da ya dace da haƙoranta da hanjinta. Idan ba zai iya ba, buhu mai kyau ya fi mata tsoka zalla nesa ba kusa ba.

Ku ɗalibai, wata rana wani zai zo muku da abinci ko magani ya ce na ɗabi'a ne. Ku tambaye shi ɗabi'ar wace dabba, me aka auna, me aka bari a baya. Ku kuma ma'aikata, ku tuna cewa abin da ke cikin kwanon dabbar gida yana ƙarewa ne a hannun yaran gidan, saboda haka duba shi yana cikin aikin kiwon lafiyar jama'a.

Shugaban taro, a nan zan dasa aya.